Farin Jini Daban, Faɗa-a-Ji Daban

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

Ina gaida iyayenmu mata da ke tsakar gida, rediyo na gefen murhu. Ina gaida direbobin da ke bisa hanya, da teloli a bakin keke, da matasan da ke saurarenmu ta wayar salula.

Yau hirarmu a kan mutanen da suka shigo gidajenmu ne ba tare da sallama a zaure ba. Ina nufin 'yan bulog, da sauran masu wallafa rubutu da bidiyo a intanet, waɗanda 'ya'yanmu suka san sunayensu fiye da sunan mai unguwa. Ka zauna a teburin mai shayi, ba za ka gama kofi ɗaya ba sai ka ji wani ya ɗaga waya ya ce: “Ai wane ne ya faɗa, kuma mabiyansa sun fi miliyan.” Daga nan gardama ta mutu, kamar an kawo hujjar da ba a ja da ita. To, wannan miliyan ɗin nake so mu zauna mu auna. Me take nufi? Yawan masu kallonka shi ne yawan masu jin maganarka? Kuma wa ya ba waɗannan bayin Allah ƙarfin da suke da shi?

Bari mu fara daga tushe. Bulog shafi ne da mutum ke buɗe wa kansa a intanet, yana rubuta abin da ya gani ko abin da ke ransa, sabon rubutu na hawa kan tsoho. A ƙarshen shekarar 1997 wani Ba'amurke mai suna Jorn Barger ya raɗa wa irin wannan shafi suna, a 1999 aka gajarta sunan ya koma yadda muke kiransa yau. A wannan shekarar ta 1999 aka fito da manhajar Blogger, wadda kamfanin Google ya saye a 2003, shekarar da WordPress ita ma ta bayyana. Abin da waɗannan manhajoji suka kawo babba ne. Da can, in kana so duniya ta ji ka, sai ka bi ta hannun editan jarida ko shugaban gidan rediyo. Yanzu ɗalibi a ɗakinsa, da kwamfuta da layin intanet, ya zama shi ne marubuci, shi ne edita, shi ne maɗaba'a.

Ba a daɗe ba aka ga abin da wannan 'yanci zai iya haifarwa. A watan Disambar 2002, jagoran 'yan jam'iyyar Republican a majalisar dattawan Amurka, Trent Lott, ya yi jawabi a bikin cikar wani dattijon sanata, Strom Thurmond, shekara 100. Shi Thurmond ya taɓa neman shugabancin ƙasar a 1948 bisa manufar raba farare da baƙaƙe. Lott ya yabi waccan takarar, ya nuna cewa da Thurmond ya ci zaɓe da ƙasar ta huta da matsaloli. Manyan jaridu suka ji, galibinsu suka wuce. Wasu 'yan bulog ƙalilan, cikinsu har da Josh Marshall, suka ƙi barin maganar ta kwanta. Suka tono tsofaffin kalaman Lott, suka jera su ɗaya bayan ɗaya, har 'yan jarida suka dawo kan batun. Cikin kusan mako biyu Lott ya sauka daga muƙaminsa na jagora. Ku lura da kyau, masu sauraro: masu karanta waɗannan shafuka a lokacin ba su kai ko kusa da masu kallon talabijin ba. Amma cikinsu akwai 'yan jarida da 'yan siyasa, kuma abin da aka rubuta ya zo da hujja.

A Masar, wani ɗan bulog mai suna Wael Abbas ya riƙa wallafa bidiyon azabtarwar da ake yi wa mutane a ofisoshin 'yan sanda. Ɗaya daga ciki na wani direban ƙaramar bas ne. Maganar ta kai kotu, kuma a 2007 aka yanke wa 'yan sanda biyu ɗaurin shekara uku-uku, abin da ba a saba gani ba a ƙasar a wancan zamani.

A Kenya, bayan zaɓen Disambar 2007, rikici ya ɓarke, mutum fiye da 1,000 suka rasa rayukansu. Wata lauya mai rubutun bulog, Ory Okolloh, ta ga rahotannin da jama'a ke aiko mata sun fi ƙarfinta, sai ta yi kira ga masu ilimin kwamfuta su taimaka. Cikin 'yan kwanaki suka haɗa wata taswira da kowa zai iya aika mata labarin abin da ke faruwa a unguwarsu. Suka kira ta Ushahidi, wato shaida da harshen Swahili, kalmar da tushenta ɗaya da tamu. Wannan taswira ta yi aiki har a Haiti lokacin girgizar ƙasar 2010.

Sai kuma yarinyar nan ta kwarin Swat a Pakistan, Malala Yousafzai. A 2009, tana da shekara 11, ta riƙa rubuta wa sashen Urdu na BBC labarin yadda aka hana 'yan mata zuwa makaranta, da sunan aro na Gul Makai. An harbe ta a 2012, Allah ya yi da sauran kwana, a 2014 ta karɓi lambar yabo ta Nobel.

Me ya haɗa waɗannan mutum huɗu? Kowannensu ya san abin da yake magana a kai, ya gani da idonsa ko ya riƙe takardar shaida, kuma maganarsa ta sa wani abu ya motsa a zahiri: an sauka daga kujera, an ɗaure azzalumi, an ceci rai, an buɗe aji. Wannan shi ne faɗa-a-ji.

(ƊAN KIƊA)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan 'yan bulog da masu tashe a intanet, da bambancin farin jini da faɗa-a-ji.

A Najeriya, shekarar 2006 ita ce shekarar da abin ya kankama. A shekarar ce Linda Ikeji ta fara shafinta na labaran taurari da tsegumi, Uche Eze ta kafa BellaNaija, Omoyele Sowore kuma ya buɗe Sahara Reporters daga birnin New York. Daga baya wayoyi suka yi araha, data ta shiga ƙauye, harkar ta tashi daga dogon rubutu ta koma Facebook, Twitter, Instagram, YouTube da TikTok. Mu ma Hausawa ba a bar mu a baya ba. Akwai masu koyar da girki, masu sharhin finafinan Kannywood, masu wa'azi, masu barkwanci, masu sharhin ƙwallo, da marubutan da ke sakin littafi shafi-shafi a WhatsApp.

Sai dai wannan sauyi ya zo da wani sabon ma'auni. Yanzu a ƙarƙashin sunan kowa akwai lamba: mabiya kaza, masu kallo kaza. Kuma ɗan Adam, in ya ga lamba, sai ya ɗauka ita ce daraja.

Masana sun gwada wannan lamba. A 2010 wasu masu bincike ƙarƙashin jagorancin Meeyoung Cha, a cibiyar Max Planck ta ƙasar Jamus, suka bi diddigin miliyoyin masu amfani da Twitter. Suka duba abu uku: yawan mabiyan mutum, yawan masu yaɗa maganarsa, da yawan masu ambaton sunansa. Suka tarar cewa mai tarin mabiya ba lallai ne ya zama shi ake yaɗa maganarsa ba. Suka kuma lura cewa waɗanda maganarsu ke tafiya da gaske, sau da yawa mutane ne da suka tsaya kan fanni guda suka daɗe suna yi masa hidima.

A 2019 wata matashiya a Amurka, mai mabiya sama da miliyan 2 a Instagram, ta fito da riguna masu tambarinta. Kamfanin ɗinki ya ce sai ta sayar da 36 kafin ya ci gaba da aikin. Ta kasa, kuma ita da kanta ta sanar da duniya. Riga 36, cikin mutum miliyan 2. Wannan shi ne Bahaushe ke kira taron tsintsiya ba shara. Mutanen suna son kallon hotunanta, amma kallo bai kai su ga buɗe jaka ba.

Ban da haka ma, ita kanta lambar ana sayenta kamar yadda ake sayen gero a kasuwa. A watan Janairun 2018 jaridar New York Times ta bankaɗo wani kamfani mai suna Devumi, wanda ke da aƙalla asusun bogi miliyan 3 da rabi, ya kuma sayar wa abokan cinikinsa mabiya fiye da miliyan 200. Cikin masu saye akwai 'yan wasa, 'yan siyasa da 'yan jarida. Asusun bogi ba ya karatu, ba ya zaɓe, ba ya sayen ko allura. Aikinsa ɗaya ne: ya sa kai mai rai, da ka zo wucewa, ka ga taro ka tsaya.

To, kada wani ya ji wannan ya ce ashe masu tashen ba su da wani tasiri. Suna da shi, kuma a nan ne damuwata take. Tasirinsu ya fi ƙarfi a wuraren da mutum ke yanke shawara cikin gaggawa: tsoro, kwaɗayi, da fushi.

Mu ɗauki kwaɗayi. A 2021 Kim Kardashian, wadda mabiyanta suka haura miliyan 200 a Instagram, ta tallata wani kuɗin intanet mai suna EthereumMax. Ba ta gaya wa jama'a cewa an biya ta dala 250,000 ba. A watan Oktoban 2022 hukumar kula da hada-hadar hannun jari ta Amurka ta sa ta biya dala miliyan 1.26. Wannan a ƙasar da hukuma ke bibiya ke nan. Ku tuna sau nawa kuka ga wani mai tashe a nan gida yana rantsuwa a kan man bilicin, ko maganin ƙiba, ko maganin ƙarfin maza, ko wata harkar “zuba dubu goma ka kwashi dubu ashirin”. Shi an biya shi kafin ya buɗe baki. Ke Hajiya da fatarki ta ƙone, kai Malam da jarinka ya nutse, ba wanda zai biya ku.

Mu ɗauki fushi. A watan Janairun 2023, gab da babban zaɓe, wani binciken BBC ya gano cewa jam'iyyun siyasa a Najeriya na biyan masu tashe a intanet a ɓoye domin su yaɗa labaran ƙarya kan abokan hamayya, wasu ma ta hanyar tsokano bambancin addini da ƙabila. Saurayi na zaune yana ta da jijiyar wuya, ya ɓata da abokinsa na yarinta a kan wani rubutu, bai san cewa mai rubutun aikin kwangila ya yi ba.

Sai tsoro. Da yawanku ba za ku manta da wani dare na watan Agustan 2014 ba, bayan cutar Ebola ta shigo Legas. Saƙo ya riƙa yawo a wayoyi da shafukan sada zumunta cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Aka tashi mutane daga barci tsakar dare, 'ya'ya na bugo wa iyaye waya daga birni, maƙwabci na ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci. Aƙalla mutum 2 suka mutu saboda shan gishirin, wasu da dama aka kwantar a asibiti, musamman masu hawan jini. Ita Ebolar kanta, a duk faɗin ƙasar, mutum 8 ta kashe kafin a shawo kanta a watan Oktoban shekarar. Wani bincike da masana a jami'ar MIT ta Amurka suka wallafa a 2018 ya nuna cewa a Twitter ƙarya ta fi gaskiya gudu, har gaskiya kan ɗauki ninki shida na lokacin da ƙarya ke ɗauka kafin ta isa ga mutum 1,500. Sun kuma gano cewa mutane ne, ba na'urori ba, suka fi tura ta gaba.

(ƊAN KIƊA)

Wannan labari na gishiri, masu sauraro, shi ne mabuɗin hirarmu ta yau. Ku tambayi kanku: me ya sa dattijuwa a ƙauye, wadda ba ta taɓa buɗe Facebook ba, ta tashi cikin dare ta dama gishiri? Ba ta san wanda ya fara rubuta saƙon ba. Ɗanta ne ya bugo mata, shi ta yarda da shi.

Masana harkar sadarwa sun daɗe da gane haka. A zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1940, Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa suka zauna da masu zaɓe a yankin Erie na jihar Ohio, suna so su ga yadda rediyo da jarida ke juya ra'ayin jama'a. Abin da suka tarar ya ba su mamaki. Saƙo kan fita daga rediyo ya sauka a kunnen wasu 'yan tsiraru da ake ganin girmansu, su kuma su kai shi ga dangi da abokai. Ta bakin waɗannan ne ra'ayi ke sauyawa.

Mu wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sanƙira na iya kewaye gari da shela kowa ya ji, amma in magana ta yi nauyi, wurin liman ake zuwa, ko mai unguwa, ko ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin unguwa. Mun gani a batun allurar shan inna. A 2003 jita-jita ta sa aka dakatar da rigakafin a wasu jihohin Arewa, Kano ba ta koma ba sai tsakiyar 2004, cutar kuma ta bazu zuwa wasu ƙasashe. Abin da ya gyara lamarin a hankali shi ne shigowar sarakuna da malamai da mata masu bi gida-gida, mutanen da aka sani aka kuma yarda da su. A watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji.

Ashe ke nan ɗan bulog, komai yawan mabiyansa, iyakarsa allon wayarka. Ba ya iya shiga ɗakin mahaifiyarka sai ka ɗauke shi ka kai. Duk sanda ka danna ka tura, ka ara masa amanar da danginka suka ba ka. Su ba shi suka gani ba, sunanka suka gani a saman saƙon.

Saboda haka, kafin ka ara wa kowa wannan amana, yi masa tambayoyin da za ka yi wa baƙon da ya zo neman auren 'yarka. Wane ne shi, kuma da sunansa na gaskiya yake magana? Me ya sani a kan wannan batu? Wanda ya iya ba da dariya ba shi ne zai gaya maka adadin maganin da za ka ba jariri ba. A ina ya samo labarin, ya gani ne ko ya ji an ce? Wa ke biyansa? Sannan ka duba tarihinsa: ranar da ya yi kuskure, ya fito ya ce na yi kuskure, ko ya goge rubutun ya yi shiru? In kuma saƙo ya zo yana cewa “maza ka tura kafin a goge”, to wannan gaggawar ita ce alamar farko ta cewa a dakata. Addininmu ya hore mu da bincike kafin mu ɗauki labari mu yi aiki da shi, al'adarmu kuma ta ce magana zarar bunu ce.

Yanzu bari in juyo gare ku, ƙannena da 'ya'yana masu sha'awar wannan sana'a. Sana'a ce, kuma ana iya cin halal da ita. Na san yadda zuciya ke yi in ka kwana kana haɗa bidiyo mai amfani mutum 200 suka kalla, wani kuma ya zagi dattijo ko ya yi rawar banza ya kwashi dubu 500. Manhajojin an gina su ne su ɗaga duk abin da ke riƙe ido, domin da idon jama'a suke samun kuɗin talla. In ka bi son ransu, kullum sai ka ƙara gishiri a kan na jiya, har ranar da za ka faɗi abin da zai kai ka gaban alƙali ko ya sa mahaifinka ya kasa ɗaga kai a masallaci. Najeriya na da dokar laifukan intanet tun 2015, kuma ɓata suna laifi ne ko a takarda ko a waya.

Ga wata hanya. Zaɓi abu guda da ka sani da gaske. In manomi ne kai, gaya mana yadda ake gane tsutsar masara tun kafin ta ci gona. In ma'aikaciyar jinya ce ke, koya wa mata alamomin da ke cewa mai ciki ta tafi asibiti yanzu-yanzu. In kana zuwa kasuwar Dawanau, faɗa mana farashin gaskiya na buhun wake. In unguwarku ta shekara ba ruwa, ɗauki hoton famfon, sa kwanan wata, nemi jin ta bakin hukuma, ka wallafa cikin ladabi. In talla aka ba ka, ce talla ce. In ka yi kuskure, gyara a bainar jama'a. Mabiyanka za su taru a hankali, amma ranar da ka ce “kada ku sha wannan”, za su ajiye kofin. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Iyaye kuma, kada mu tsaya a kan ƙwace waya da faɗa. Zauna da yaronka, ka ce ya nuna maka wanda yake bi. Ku kalla tare, ka tambaye shi me ya ƙaru da shi. Yaron da ya saba jin wannan tambaya a gida, zai riƙa yi wa kansa ita ko ba ka nan.

Masu sauraro, lokaci ya yi halinsa. Ga ɗan aikin da zan bar muku kafin mu sake haɗuwa. Yau da daddare, buɗe wayarka ka dubi saƙo biyar na ƙarshe da ka tura wa wasu. A kowanne ka tambayi kanka: in mahaifiyata ta yi aiki da wannan saboda daga hannuna ya fito, zan iya tsayawa a kai gaban mutane da gaban Allah? Wanda ka iya tsayawa a kai, ka bar shi. Wanda ba ka iya ba, ka koma wurin waɗanda ka tura wa ka ce musu: “Wancan saƙon, ban tabbatar da shi ba.” Da wannan jimla guda, ka yi abin da masu mabiya miliyan da yawa suka kasa.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kare harsunanmu da yatsunmu, ya sa mu zama mabuɗan alheri. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

(KIƊAN RUFE SHIRI)